Kwanon da Ke Dawowa Wayam

Unguwar Zariya, Maraɗi
Lahadi, 3 ga Maris

Zuwa ga ƙanena Abdulmutallib, a birnin Safakis na ƙasar Tunisiya.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta iske ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Fatimatuzzahra da ɗana Bilal. Allah Ya tsare ku a ƙasar mutane, Ya sa albarka a sana'ar da kake ci da ita, Ya raya mana yaron nan bisa tafarkin addini. Mu nan muna yadda Allah Ya ajiye mu. Inna tana Tsibiri, gwiwa ce kawai ke damunta, bakin nan nata kuwa ko kaɗan bai tsufa ba. Har yanzu in an ambace ka sai ta ce ita ba ta taɓa ganin namijin da ya ƙetare hamada don ya je ya yanka albasa ba. 'Yata Rabi tana Damagaram da mijinta da yara, lafiya lau. Khaulat auta tana Yamai wajen karatu, ta zo ta yi mana kwana shida ta koma. Gidan dai kamar yadda ka san shi, daga ni sai maigida, wanda kuke kira Yaya Ya'u, sai kaji.

Na san za ka yi mamakin takarda a wannan zamani da kowa ke danna waya ya zuba surutu. Sau uku ka kira ban ɗauka ba. Na huɗun na ɗauka, ka tambayi jikin Baban Khaulat, na ce da sauƙi, muka yi sallama. Ba gaskiya na gaya maka ba. Na hana yara su faɗa maka, na ce ni zan yi da kaina, Inna kuwa ka san ba ta kai mugun labari ta waya. Na gwada yi maka saƙon murya, sai in danna, in yi shiru, in goge. Hannuna dai bai manta aikinsa ba tun zamanin da nake koya wa matan Tsibiri karatu a ajin yaƙi da jahilci, shi ya sa na ɗauko biro. In na gama zan ɗauki hoton shafukan in turo maka. Abu biyu ke tafe da ni: in gaya maka inda maganar ƙafarsa ta kwana, in kuma nemi gafararka kan abin da na faɗa maka kwanakin baya. Ka yi haƙuri ka bi ni daki-daki, don in na tsallake wani wuri ban san yadda zan dawo ba.

Ka tuna a farkon Disamba ne ya taka guntun waya a garkarsa ta Jiratawa, yana buɗe wa tumati ruwa. Bai ji ba. Kwana uku yana yawo da rami a tafin ƙafar hagu, sai ni na ga jini a kan buzun sallarsa. A lopital, wato asibiti, suka ɗebi jininsa suka ce ciwon suga ne, kuma ya daɗe a jikinsa, har ya kashe masa ji a ƙafa. Likitar yarinya ce, ba ta wuce sa'ar Rabi ba, amma ba ta iya kwana-kwana ba. Ta ce miki ba ya warkewa a jikin da jininsa ya cika da suga. Ta rubuta ƙwayoyi, ta ce a riƙa wanke mikin a kai a kai, a daina zuwa garka, a kuma kama rezim, wato a canza abinci gaba ɗaya. Ta dube shi ta ce in suga bai sauka ba, ƙafar nan ba za ta kai damina ba. A hanyarmu ta komawa gida ya sa na yi masa alkawari ba zan gaya wa kowa ba. Ya ce ya ga yadda ake yi wa mai ciwon suga a garin nan, a riƙa yi masa sannu kamar mai jego, a janye kofin shayi daga gabansa a bainar jama'a. Shi waya ce ta soke shi, iyakar abin da mutane za su sani ke nan. Kai kaɗai na gaya wa, don na ga kana nesa, ba ka da wanda za ka tsegunta wa.

Sai rigimar abinci. Mutumin da ya yi shekara talatin yana noma tumati da tattasai da yalo da albasa da karoti, ana lodawa a mota ana kaiwa har Katsina, shi ne ya zauna ya ce mini ganye abincin awaki ne. Wai tumati kayan miya ne, miya kuwa rakiya take yi wa tuwo, ba ita ce abincin ba. Rezim kuma ya ce na Nasara ne, shi ba zai tsufa ya koma cin ciyawa da cokali mai yatsu ba. Na yi lallashi, na yi faɗa, na yi gaba ta yini guda, bai motsa ba.

A nan ne ka shigo da dogon saƙonka, wanda na kwafe tsaf a littafina. Ban taɓa gaya maka ba, amma dabararka ta burge ni. Ba ka fara da maganar lafiya ba, ka fara da sunaye, don ka san halin mutumin. Na zaunar da shi bayan la'asar na karanta masa. Ka ce albasar da yake nomawa ma sunanta daga Larabci ya zo, su suna cewa basal. Ka ce malohiyar da muke tsinka a bayan gida, wadda wasu ke kira lalo, ita ce mulukiyyar mutanen Masar da Tunisiya, har wasu na cewa a da abincin sarakuna ce, ko da yake kai ba ka rantse a kan wannan ba. Ka ce shakshuka a bakin mutanen wajenku tana nufin abin da aka cakuɗa wuri ɗaya, tumati da tattasai da albasa da tafarnuwa, a fasa ƙwai a kai. Ka ce mashwiya kayan lambu ne da aka gasa a wuta aka yayyanka, sunanta daga kalmarsu ta gashi ya fito. Man zaitun kuwa ba ka sha wahala ba, ka ce ya tuna surar da Allah Ya yi rantsuwa da zaitun a cikinta. Can ƙasa ka rubuta mini ni kaɗai cewa Faransawa ma suna da irin wannan dahuwar, ratatuy, daga kalmarsu ta motsa tukunya, kuma tumati asalinsa daga Amurka ya ƙetaro, amma kada in karanta masa wannan wurin. Ban karanta ba. Ya ja carbinsa, sannan ya ce in dai Larabawa na ci, a dafa.

Sauran bayanin naka ya zo daidai da na likita, har na yi zaton kun haɗa baki. Rabin kwano ya zama kayan lambu, a sa wake ko ƙwai ko kifi, tuwon gero kada ya wuce dunƙulen hannu, gishiri kaɗan, magi a rage, mai cokali biyu. Ka ce ganye da wake suna sa suga ya riƙa shiga jini sannu-sannu, ba kamar farar shinkafa da fura mai suga da ke kwarara masa gaba ɗaya ba. Ka ce tsofaffin bakin tekun nan naku haka suka tashi suna ci, ba don likita ya ce ba, don abin da ƙasarsu ke bayarwa ke nan, kuma duk abin da suke sawa a tukunya akwai shi a Jiratawa in ban da zaitun.

Na kama aiki. Kullum da hantsi Sha'ibu ƙanensa, wanda ya karɓi garkar, zai tsaya da babur ya sauke mini kwando, tumati da laka a jikinsa. In hura gawayi, in jera tattasai da tumati da yalo da albasa har bayansu ya yi baƙi, in rufe su a kwano su yi gumi, in ɓare, in daddatsa da wuƙa, tunda ka ce in na kai su turmi ba ni ba kai. In matsa lemun tsami, in ɗiga man zaitun ɗin da ka aiko ta hannun wani direban Agadas, da ya ƙare na koma man gyaɗarmu. Shakshukar farko ƙwan ya dagargaje ya zama wani abu dabam, ta ukun kuwa ko uwar ɗakinka da ta koya maka girki ta gani sai ta jinjina mini. Malohiya ɗanya nake yankawa ƙanana in sa tafarnuwa, na bar irin taku ta gari da ka ce tana shan mai. Ba zan ɓoye maka ba, na ji daɗin kwanakin nan. Gani nake da hannuna nake ɗinke mikin.

Yanzu ga wurin da nake so ka karanta a hankali. Kai ka bar gida da sauran ƙuruciya, ƙila ka manta da rumfar ƙofar gidanmu. Su bakwai ne tun kafin a kawo ni gidan nan: shi, da abokinsa Maman Lawali mai shagon kayan babur, da Mati tela, da sauran. Azahar da magariba kowane gida zai fitar da kwano, a jera a tsakiyar tabarma, a yi ciyayya. Da likita ta hana shi garka sai ya zama can yake yini, ƙafar a miƙe a kan kujera. Ni kuwa in na gama, in zuba masa nasa, in rufe da faifai, in ajiye a zaure in tafa hannu, wani daga cikinsu ya ɗauka. Ka san mace ba ta leƙa rumfar maza suna cin abinci. Kwano yana dawowa wayam, an suɗe shi har ba ya neman sabulu. Sau biyu a rana, sati tara. In ya shigo ya ce sannu da aiki, Allah Ya yi albarka. Ban taɓa tambayarsa ko ya ci ba, don a ganina kwano ya riga ya ba ni amsa. Ni da aka haifa a Tsibiri, na ga Baba yana ciyayya tun ina rarrafe, ban tsaya na tambayi kaina yadda mutum zai yi rezim a tsakiyar kwano bakwai ba.

Duk sati biyu muna komawa awo, suga yana nan inda yake, wani lokaci ma ya ɗara. Likita ta tambaya ko ana bin rezim. Na zaro littafina na buɗe mata shafi-shafi, har da abin da na dafa kowace rana, ina hura hanci. Shi yana zaune yana kallon ƙasa, na ɗauka ciwo ne ya dame shi. Ta ƙara ƙwayoyi, daga baya ta koma allura. Miki ya ƙi rufewa, ya fara wari, na riƙa turara ɗaki kafin baƙi su shigo. Inna ta aiko da saiwoyi daga Tsibiri, ta ce ba waya ba ce, wani abu aka binne masa a garka. A cikin wannan hali ne muka yi magana da kai, ranar da muka dawo daga awo na huɗu. Ka tuna abin da na ce. Na ce abincin Larabawanka ƙamshi ne kawai. Na ce ka sa na ɓata wata biyu ina gasa tumati mijina yana ruɓewa. Na ce da ka san magani da ba ka ƙare a madafar wasu ba. Kai kuwa ka ce Yaya, Allah Ya ba shi lafiya. Maganata ta ƙarshen nan, ta madafar wasu, ita ta fi tsaya mini, don na san inda na auna da ita, kuma na same ka. Ka yafe mini, Abdulmutallib. Girkinka bai yi laifin komai ba.

Ranar wata Alhamis da hantsi ina ɓare tumati, Tahira matar Maman Lawali ta yi sallama. Ta zauna muka gaisa, ta yi ta kewaye-kewaye, sannan ta ce ita fa roƙo ya kawo ta. Wai maigidanta ya hana ta sakat, kullum sai ya ce ta taho ta koyi miyar Larabawan ga ta gidan Ya'u. Wai tun da ya fara cinta hawan jininshi ya sauka, har malamin da ke auna mashi tansiyo ya tambaye shi mi ya canza, wandonshi ma sai da Mati ya rage mashi ƙugu. Shi da Mati ke raba kwanon, har suna 'yar rigima a kan ƙwai. Ta ce ai Malam Ya'u mutumin kirki ne, ko loma ba ya sa hannu, ya ce tunda suna so su ci. Shi tuwon shinkafarta yake so, da dambu, da furar gidan Mati mai suga, shi ya sa ma take ƙara malmala ɗaya dominshi, don ta san ba ya jin daɗin jiki. Tana faɗi tana dariya, ita yabona take yi.

Ban daina ɓare tumatin ba. Na ce ta matso, na nuna mata yadda ake gasawa da yadda ake rufewa su yi gumi, na ce kada ta kai su turmi. Na ba ta tafarnuwa ta tafi da ita, tana godiya har zaure. Na dawo na zauna, na ga saura tumati huɗu, na ɓare su.

Da la'asar ya shigo in wanke masa miki. Ina kwance bandeji na gaya masa Tahira ta zo, da abin da ta ce. Bai musa ba. Ya ce ranar farko da aka ajiye kwanon, Maman Lawali ne ya ɗaga faifai, ƙamshi ya cika rumfa, kowa ya miƙo hannu yana santi. Ya ce ai na san mutum ba ya wawar kwanon gidansa in abokan ci sun yaba shi, janye hannu yake yi ya ci na wasu, don matansu su ma su ji an ci nasu. In kuwa ya ja kwano gabanshi ya ce wanga nawa ne ni ɗai, sai sun tambayi dalili, dalilin kuwa shi ne abin da ba ya so a sani. Ya tuna mini shekarar da matar Mati ta farko ta rasu, Mati ya yi wata goma sha ɗaya ba ya fitar da kwano, kuma ba wanda ya taɓa ƙirga kwanonin da ke kan tabarma. Ya ce wurin da aka rufa wa Mati asiri, ba shi ne zai je ya ja iyaka ba. Shayi ma haka, in an miƙo maka kofi ba ka mayarwa. Kullum yana ce wa kansa gobe zai san dabarar da zai yi, har sati tara ya cika.

Ka san bakina, gadon Inna ne. Ranar kuwa aikin gabana na ci gaba da yi. Na gama kwance bandejin, na ga yatsu biyu sun yi baƙi, baƙin ya fara hawa. Na ce masa gobe da safe za mu lopital, ya ce to.

Suka kwantar da shi, suka yi kwana huɗu suna fama da allurai da ƙarin ruwa. Ranar Talata suka yanke ƙafar, ƙasa da gwiwa kaɗan. Lokacin da ka yi kiran nan na huɗu, ina zaune a kan benci a ƙofar ɗakin tiyata, shi yana ciki. Ina ce maka da sauƙi, ina tunanin waken da na bari a jiƙe a gida, kada ya yi tsami. Wallahi abin da ke kaina ke nan. Da suka gama suka tambayi wanda zai karɓi ƙafar. Sha'ibu ya kawo farin ƙyalle aka naɗe ta, ya kai maƙabarta ya binne, ya dawo ya ce mini an yi yadda ya kamata. Na ce Allah Ya saka da alheri. Daga baya na tare likita na gaya mata komai, na tambaye ta da ya ci abin da nake dafawa ko ƙafar za ta tsira. Ta ce ba za ta rantse ba, ciwon ya riga ya yi nisa kafin mu zo, amma da abinci ya ba magani hanya, ƙila. Ta ƙara da cewa ta dama ma ta fara rasa ji, kuma sharaɗin da ta gindaya a kan ta hagu shi ne a kan wannan.

Daga nan babu sauran abin ɓoyewa, unguwa ta ji. Washegari Maman Lawali ya zo dubiya. Ka san girman jikinsa, ya tsaya ya cika ƙofa, ya kasa shigowa. Ya biyo ni waje ya tsuguna, dattijo da furfurarsa, ya ce Malama, ni na cinye ƙafar Ya'u, sati tara ina cin maganinshi ina santi, shi yana kallona. Hawaye na bin gemunsa. Na ce ya tashi, haka Allah Ya rubuta, ai bai sani ba. Abin da ake faɗi na faɗa. Na duba raina ko akwai haushinsa, babu. Na duba ko akwai na Baban Khaulat, ko na kaina, ban iske ba. Rabi da Khaulat sun zo sun yi kuka har idanunsu suka kumbura, ni ina miƙa masu ruwa. Mata suna ta yaba haƙurina. Ba haƙuri ba ne, ƙanena, ba na jin komai ne, ko gishirin abinci ba na ji, kuma abin yana ɗan ba ni tsoro.

Ranar Larabar da ta wuce aka sallame mu. Mutanen rumfa sun shigo sun gaishe shi, sun ce sun daina sa suga a shayi, ko za su ɗore Allah Ya sani. Fita dai ba zai iya ba sai dungulmin ya warke an samo sanduna. Na ce wa matan unguwa kada wadda ta aiko mana da kwano, suka ji haushi, ban damu ba. Ranar Alhamis da azahar na yi shakshuka, na sa 'yar mashwiya a gefe da tuwon gero dunƙule ɗaya, na kai masa har gado, na ɗaga faifai, na zauna a bakin ƙofa inda zan ga hannunsa. Ya yi bisimilla ya kai loma. Ya daɗe yana taunawa. Sannan ya ce ashe haka take da daɗi. Bayan kwano ɗari da wani abu da na fitar, ranar ya fara sanin ɗanɗanonta.

Ya yi loma uku ya tsame hannu. Ya tura kwanon gefe, ya ce in kai wa su Maman Lawali sauran, suna sonta. Na ce ba inda za ta. Ya ce shi ba gardama yake ba, abinci ne ba ya wuce mashi in shi ɗai ne. Tun yana yaro bai taɓa zama gaban kwano da hannu ɗaya a ciki ba. Na dube shi, na dubi ƙafar da ta rage a ƙarƙashin zane. Na tashi na ɗauko buta na wanke hannu, na hau bakin gadon, na jawo kwanon tsakaninmu. Shekara talatin da ɗaya da aurenmu ban taɓa sa hannu a kwano ɗaya da shi ba, ko a gabansa ban cika ci ba, haka muka ga iyayenmu suna yi. Ya dubi ƙofa ko wani na zuwa. Ya ce Tsahara, mi mutane za su ce. Na ce su ce, na kai loma. Ya daɗe yana kallon hannuna, sannan ya sa nasa. Na riƙa tura masa ƙwai da tattasai ɓangarensa, yana turo mini, ina mayarwa, har muka cinye. Ni ban ji ɗanɗanon komai ba, amma na ga kowace loma da ta shiga bakinsa. Yau kwana huɗu ke nan haka muke yi, azahar da magariba, ƙofa a rufe. Ranar Talata za mu koma awo.

Ka gaida mini Fatimatuzzahra da kyau, ka ce ta yi haƙuri da shirun da na yi mata. Ka shafa mini kan Bilal. Ka gaida uwar ɗakinka, ka ce wata mata a Maraɗi tana yi mata godiya ko da ba ta san ta ba. Sha'ibu da iyalinsa suna gaishe ka, haka Rabi da Khaulat, haka mutanen Tsibiri baki ɗaya. Azumi ya matso, ka sa mu a addu'a, ka roƙa mana Allah Ya bar masa ta daman. Baban Khaulat yana kwance kusa da ni ina rubutun nan. Na tambaye shi ko yana da saƙo, ya ce a gaishe ka, a kuma gaya maka ya ci.

Allah Ya sada mu da alheri.

Yayarka,
Tsahara